Katin Malam Lawan

Ranar da aka kwantar da Malam Lawan a sashen masu korona, abin da aka nema bayan sunansa da shekarunsa shi ne katin rigakafi. Matarsa Inna Asabe ta zo da shi a cikin leda, haɗe da katin zaɓe da takardun fansho. Nas ta duba, ta ga hatimi da kwanan wata da sa hannu, ta rubuta a fayil cewa an yi wa majinyacin allura a watan Oktoba, irin wadda ake yi sau ɗaya. Hajara tana tsaye a bayan mijinta, daga inda take ta hango sa hannun. Nata ne. Ta kuma san ba a yi masa allurar ba.

Hajara ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti a Tarauni. Mijinta Abdulmalik, malamin firamare, shi ne ɗan farin Malam Lawan. Shekara bakwai da aurensu ba ta taɓa kama sunan surukinta ba, ba ta taɓa cin abinci a gabansa ba. In ta je gidan a Gyaɗi-Gyaɗi, a bakin ƙofar ɗakinsa take durƙusawa ta gaishe shi, shi kuma ya amsa yana kallon gefe. Babu wata tsama a tsakaninsu. Duk ranar da ya sayo tsire sai ya ware nata, ya ba Inna ta aika mata.

A watan Oktoban, mai unguwa ya roƙi dattawa su fara zuwa a yi musu allurar don matasa su ga babu komai. Malam Lawan ya ce zai je. Wata Talata ya je Tarauni tantancewar 'yan fansho, a hanyar dawowa ya ga an kafa rumfa kusa da kasuwa ana yin rigakafin, layin ba shi da tsawo, sai ya shiga. Bai san ranar an turo Hajara wurin ba.

Yadda suke aikin, abokiyar aikinta Fatsuma ce ke zaune a tebur tana rubuta suna a kati tana shigarwa a kwamfuta. Daga nan mutum ya shiga bayan labule a yi masa allurar, ya dawo tebur a buga masa hatimi. Don layi ya yi sauri, Hajara takan sa hannu a katunan tun da safe, kafin mutane su taru. Ba ita kaɗai ke yin haka ba, kuma ba a taɓa samun matsala ba.

Malam Lawan ya ɗaga labulen, hannunsa na kan maɓallin riga, don an ce masa sai ya fito da kafaɗa. Ya ga matar ɗansa riƙe da sirinji. Ita kuma ta durƙusa a inda take, sirinjin na hannunta, ta gaishe shi. Ya amsa, ya ce ashe nan aka kawo su. Ya tambaya ko babu namiji a cikinsu. Ta ce akwai Misbahu, ya tafi ɗauko ƙanƙarar da ake sa wa allurar, sai bayan la'asar. Ya ce to, zai dawo gobe. Ya saki labulen ya fita.

Fatsuma ta ga dattijo ya fito daga bayan labule, ta karɓi katinsa ta buga hatimi, ta nuna masa benci ta ce ya zauna minti goma sha biyar kafin ya tafi. Mutanen layi na kallonsa. Ya zauna minti goma sha biyar ɗin cif, sannan ya tashi ya tari adaidaita sahu. Hajara ta ji ƙarar hatimin daga bayan labule. Ta ce a ranta ai gobe ne kawai.

Washegari aka mayar da rumfarsu unguwar Babban Giji. Bayan mako guda ta tambayi Inna Asabe ko Baba ya koma wajen allura. Inna ta ce wace komawa kuma, ai an yi masa, ga kati nan har ya nuna wa mai unguwa. Hajara ta koma gida. Tana jiran ranar da za ta gaya wa mijinta, kullum ranar na ƙara nisa, har wata biyu suka wuce.

A watan Disamba mura ta kama Malam Lawan, sai zazzaɓi. Shekararsa sittin da tara, yana da ciwon suga da hawan jini. A kwana na huɗu numfashi ya fara yi masa wuya, aka gwada aka ga korona ce, aka ba shi gado mai bututun iskar oksijin. Ba a barin dangi su shiga sashen. A baranda suke tsayawa da takunkumi a fuska, likita ta fito ta yi musu bayani.

A kwanansa na uku a asibiti, da hantsi, Dakta Safiyyah ta fito ta kira su. Ta ce jikin da sauƙi. Zazzaɓi ya sauka, tun asuba an cire masa bututun kuma iskar jininsa tana casa'in da huɗu. Gobe da safe za ta sallame shi ya ƙarasa jinya a gida, a ware masa ɗaki. Gadajen da ke da bututu takwas ne kacal, kuma akwai masu jira.

Ta yi musu bayanin da ta saba yi wa kowa. Sabon nau'in cutar da ya shigo ya fi saurin yaɗuwa, amma yawanci bai kai wanda aka yi fama da shi da damina tsanani ba. Sai dai na daminar bai gama tafiya ba, kuma ba ta da hanyar sanin wanne ne a jikin mutum a kan lokaci, don in an aika gwajin sai majinyaci ya koma gida ko an binne shi kafin sakamako ya dawo. Saboda haka da abu uku take yanke hukunci: shekaru, iskar jini, da kati. Dattawan da aka yi wa allura, in suka kai inda Malam Lawan ya kai, yawanci ba sa komawa baya.

Abdulmalik ya yi hamdala. Inna Asabe ta fara sa wa likitar albarka. Hajara ta gyara takunkuminta ta ce, "Dakta, in da mutum irinsa ne amma ba a yi masa ba fa?"

"Da ba zan bar shi ya taka ƙofar nan ba sai ya wuce kwana goma sha biyu da fara ciwon. Mai suga da ba shi da rigakafi, a mako na biyu yake juyewa. Da safe kina hira da shi, da yamma kina neman tukunyar iska." Ta dubi fayil ɗin. "Amma Baba ya taimaki kansa. Na tambaye shi da bakina, ya ce an yi masa."

Ranar kwanan ciwon bakwai.

Suka raka Inna gida. Mata sun cika tsakar gidan da sunan jaje, kowa da takunkuminta a ƙasan haɓa. Wata maƙwabciya tana cewa ita dama ta faɗa, ga Malam nan an yi masa allura kuma ga shi a kwance, to meye amfaninta. Wata ta ce mijinta ya fasa zuwa tun da ya ji. Suka juyo ga Hajara don ta ba su amsa, tunda aikinta ne. Ta ce allurar tana rage tsananin ciwon, ta shige ɗaki.

Bayan azahar, suna gidansu a Tarauni, wayar Abdulmalik ta yi ƙara. Babansa ne. Ya tambayi jikokinsa, ya yi tari, ya ce a kawo masa hularsa mai ruwan ƙasa gobe. Sannan ya ce, "Ka gaya wa mutuniyar gidanka, maganar kati ta bar ta yadda take. Na ji sauƙi." Ya kashe.

Abdulmalik ya same ta a tsakar gida tana wanke kwanukan da za a kai abinci asibiti.

"Wace maganar kati ce tsakaninki da Baba?"

Ta ajiye soson ta gaya masa, tun daga labule har benci. Ya saurara yana tsaye, bai katse ta ba.

"Wata biyu," ya ce. "Wata biyu kina zuba min tuwo kina kallona."

"Ta ina zan fara?"

"Ta bakin da kike min faɗa in na shigo ban wanke hannu ba. Wannan bakin ai ba ya gajiya."

"Kai in kai ne a bayan labulen, za ka ce masa ya tuɓe riga?"

"Ni ɗansa ne."

"To ni matar ɗansa ce."

Ya ja kujera ya zauna. Fushinsa bai daɗe ba, don ya san babansa, ya kuma san da Hajara ta ce masa ya miƙo kafaɗa, shi Abdulmalik ne zai fara jin nauyin abin. Ya fara neman hanya. Da farko ya ce zai kira abokinsa Bashir, wanda ya san wani babba a asibitin, a nemi alfarma a bar Baba ya ƙara kwana biyar. Hajara ta ce likitar nan ba ta da gadon da za ta bayar don alfarma, kuma ko ta bayar, za ta ci gaba da kallonsa a matsayin mai rigakafi, a sa masa ido kaɗan. Sai ya ce shi zai je ya ce shi ya samo katin ta bayan fage, ita ba ta sani ba. Ta ce sa hannunta ne a jiki, lambar kuma ta rumfarsu ce. In ya faɗi haka, maganar ta tashi daga kuskure ta koma sayar da kati, ta haɗa har da Fatsuma da ba ta san komai ba.

"To a yi yadda ya ce mana. A dawo da shi gida. Ba kina da abin nan da ake maƙalawa a yatsa a auna iskar jini ba? Ki riƙa dubawa. In ta sauka mu mayar da shi."

"Mu mayar da shi ina? Kafin mu kai ƙofar asibiti an sa wani a gadon."

"Ai ba lalle ne ya juye ba."

"Ba lalle ba ne."

Ita ma ta san haka ne. Akwai dattawan da ba a yi wa allura ba da suka warke sarai, musamman da sabon nau'in nan. Za ta iya zuwa ta tona kanta, ta rasa aikin da ta yi shekara uku tana yi a matsayin 'yar sa-kai kafin a ɗauke ta, sannan tsohon ya tashi garau bayan kwana biyar, a ce da ta yi shiru da babu abin da zai faru.

"Ba ma aikin ba," in ji Abdulmalik. "Likita ta tambaye shi, ya ce an yi masa. Yanzu ya aiko ya ce ki bari. Za ki je ki ƙaryata shi a gaban baƙuwa?"

Wannan ne ya fi yi mata nauyi. Tun farko babu wanda ya yi niyyar cutar kowa. Ita ta yi shiru don ta girmama shi. Shi ya zauna a benci don kada ya kunyata ta a gaban mutanen layi, yanzu kuma ya yi ƙarya a kan gadon jinya don ya rufa mata asiri, alhali ya ji irin bayanin da likita ke yi wa na kusa da shi. Ya san abin da yake yi. Dattijo ne mai hankalinsa, jikinsa ne, kuma ya zaɓa. Sai dai ya zaɓa ne saboda ita, kuma ba ta ga yadda za ta karɓi irin wannan kyauta ta ci gaba da zuwa aiki ba.

Ta ɗauraye hannu ta shiga ɗaki ta sa hijabi. Abdulmalik ya ce zai raka ta. Ta ce ya zauna, in Baba ya tambaya ya ce bai san ta fita ba. Ya ce ƙaryar ta isa haka a gidan nan, ya ɗauki hularsa.

Sun jira kusan awa guda a baranda kafin Dakta Safiyyah ta fito, ana shirin kiran la'asar. Ta zare safar hannu ta tambaye su ko lafiya. Abdulmalik ya matsa gefe.

"Dakta, katin nan na Baba. Ba a yi masa allurar ba."

"Wa ya gaya miki?"

"Ni ce mai yin allurar ranar. Sa hannuna ne."

Hajara ta faɗi yadda aka yi a taƙaice, idonta a ƙasa. Dakta Safiyyah ba ta yi mamakin kunyar ba, ita ma tana da surukai. Ta tambaya ko an yi masa wata allurar a wani wuri daga baya. Hajara ta ce a'a. Ta tambayi ranar da ciwon ya fara, ta ƙirga da yatsu.

"Da safe da kika yi min tambayar nan, kin sani?"

"Na sani."

"Kika bar ni na kira wani asibiti na ce su shirya, gobe akwai gado." Ta sauke numfashi. "Ba zan sallame shi ba. Amma ki sani, duk mako muna aika rahoton wa aka yi wa allura, wa ba a yi wa ba, wa ya tashi, wa ya rasu. Da shi ake gane ko allurar na aiki. Ba zan rubuta abin da na san ba haka ba ne. In na gyara fayil, lambar katin na kwamfuta, za a tambaya."

"Na sani, Dakta."

"Zan rubuta cewa ke kika zo da ƙafarki. Iyakar abin da zan iya ke nan."

Abdulmalik ya tambaya wa za a ba gadon da. Likitar ta ce wata mata ce, ita ma mai suga, tana wani asibiti da ba su da bututu, sai tukunyar iska. Yanzu sai ta kira su ta ce su nemi wani wurin. Ta sa sabuwar safa ta koma ciki.

Da aka gaya wa Malam Lawan ba zai tafi gida ba, bai tambayi dalili ba. Ya daina ɗaukar wayar ɗansa. Ta Inna kawai yake ɗauka, ita ma ba ya wuce amsa gaisuwa.

Kwana na takwas da na tara da fara ciwon ba abin da ya faru. Yana cin abinci, yana zuwa banɗaki da ƙafarsa. Inna Asabe, wadda ta ji labarin daga bakin ɗanta, ta ce ita ba ta ga abin da ya kai ga tonon silili ba, mutum yana warkewa an je an ɓata masa suna, yarinya kuma ta jawo wa kanta. Hajara ta ci gaba da dafa abincin asibiti tana ba Abdulmalik ya kai.

A kwana na goma, tsakanin azahar da la'asar, iskar jininsa ta sauka daga casa'in da uku zuwa tamanin da ɗaya. Nas ɗin da aka ce ta riƙa duba shi duk awa biyu ita ta gani. Bututun na saman kansa, aka mayar masa, aka fara masa wasu allurai, aka kwantar da shi rub da ciki. Kwana huɗu likita ba ta ce musu komai ba sai a yi addu'a. Sugansa ya hau saboda maganin, aka yi ta fama da shi ma. A na biyar ta ce ya fara dawowa.

Ya yi kwana goma sha tara a asibiti. Ya fito ya rame, in ya taka daga ɗakinsa zuwa zaure sai ya zauna ya huta, kuma likita ta ce huhun zai ɗauki watanni, wataƙila ma ba zai koma kamar da ba.

Kafin ya fito an kira Hajara gaban kwamiti. Mutum uku ne a bayan tebur. Ta faɗi abin da ta gaya wa likita, ta ƙara da cewa Fatsuma ba ta da laifi. Ɗaya daga cikinsu, dattijo, ya ce ya fahimci kunya, shi ma ba zai tuɓe a gaban matar ɗansa ba, amma kunya ba ta hana mutum ɗaga labule ya ce a dakata da hatimi. Aka dakatar da ita wata shida, aka ce in ta dawo ba za ta sake taɓa aikin rigakafi ba. Aka kuma hana sa hannu a kati kafin allura a duk rumfunan ƙaramar hukumar, abin da ya sa wasu abokan aikinta suka daina gaishe ta, don layi ya ƙara tsawo.

Malam Lawan bai yi mata maganar ba, ko ta bakin wani. Takan je ta durƙusa a bakin ƙofa, ya amsa, ya tambayi yara. Inna ta gaya wa Abdulmalik cewa wata rana Malam ya ce yarinyar nan ta mai da shi maƙaryaci da furfurarsa, wata rana kuma ya tambaya ko babu wanda za a gani a kan aikin nata. Ba ta san wanne ne ya fi yawa a ransa ba.

Ranar da aka mayar da shi asibiti a duba huhunsa, Hajara ta bi su. Suna jiran layi ta zagaya barandar sashen masu korona, ta tsaya har Dakta Safiyyah ta fito. Suka gaisa. Likitar ta tambayi jikin Baba. Hajara ta ce da sauƙi, sannan ta tambayi matar nan da aka ce za a ba gadon.

"Sun samu wuri a wani asibiti washegari da yamma."

"Ta warke?"

"Ban sani ba. Ba majinyaciyata ba ce."

"Ko sunanta, Dakta."

"Ko na tuna ba zan ba ki ba. Me za ki yi da shi?"

Likitar ta ce a tabbata Baba yana shan maganin sugansa a kan lokaci, ta koma ciki. Hajara ta ɗan tsaya a barandar, inda wasu dangin ke jiran a fito a yi musu bayani, wani mutum yana laluben aljihu yana neman katin mahaifiyarsa. Sannan ta koma wajen layin, don an kusa kiran lambarsu.